Matar Yayana Ta Tafi da Sunan da Ba Nata Ba

Ran da muka binne matar yayana a Tsafe, mijinta aka fi yabo.

Tun da hantsi gida ya cika. Matan zumuntar coci sun taso daga Gusau cikin bas biyu duk da halin da hanya take ciki, kowace da ankonta. Duk wanda ya shigo sai ya durƙusa gaban Yaya ya ce, "Sannu da haƙuri, Baba." Ba haƙurin rashi kaɗai suke nufi ba. Wani dattijon ikilisiya ya fito da abin fili, ya ce, "Shekara arba'in da bakwai da mace, ba ɗa ba jika, bai taɓa kallon wata ba. A wannan zamani wa zai iya?" Maza suka gyaɗa kai. Babbar yayarmu tana share hawaye da bakin gyale ta ce, "Allah ya ba ta hutawa. Ba ta da aibu sai guda, ta bar gidan ubanmu ba magaji." A wa'azin jana'iza fasto ya ce, "Ko da yake Ubangiji bai ba ta 'ya'yan cikinta ba," har sau uku. Ina zaune ina ƙirgawa.

Mutum ɗaya na gani ta zo domin marigayiyar kanta. Hajiya ce, maƙwabciyarsu Musulma, wadda suka shekara talatin suna matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli tare. Ta gaida Yaya a taƙaice, ta wuce ƙofar madafa ta zauna a ƙasa tana kallon kaskon suya. Da na je kusa da ita ta ce mani, "Yanzu wa zai ce mani gyaɗata ba ta soyu ba?" Sai ta fashe da kuka.

Ni ce ƙanwar mijinta, autar gidanmu. Na yi mata alkawarin rufe bakina a kan wata magana, kuma ga shi ina saɓawa. In mun gamu ta yi mani faɗa. Na saba da faɗanta.

Ina da shekara takwas aka kawo ta gidanmu amarya, a wani ƙauye yamma da Tsafe inda mu Kirista ba mu fi gida goma ba. Mahaifiyarmu ta rasu shekara biyu kafin nan. Kwananta uku a gidan ta kama ni ta zaunar tsakanin ƙafafunta, ta buɗe kitsona, ta ce, "Auta, wanga kai naki gona ne ko masauƙin ƙwarƙwata?" Ta aske ni tas. Na yi kwana biyu ba na yi mata magana. A na uku zazzaɓi ya kama ni, na farka na gan ni goye a bayanta tana daka, sai na ji bakina ya ce "Inna." Sunan ya bi ta. Daga baya 'ya'yanmu da jikokinmu da yaran unguwa duk Inna suke ce mata, kuma ba wanda ya ga abin mamaki a kira ta uwa a gida, a kira ta juya a bayan gida.

Gajeruwa ce, mai saurin tafiya kamar an aike ta. Ba ta zama a kujera, sai dai ta kife turmi ta hau. Ba waliyiya ba ce, kada wani ya ɗauka haka nake nufi. Tana da riƙo. Wata mata ta ari rariyarta ta maido a yage, Inna ta shekara biyar ba ta ara wa kowa ko ludayi ba. In ka zo mata da dogon koke za ta saurare ka har ka gama, sannan ta ce, "To, an ji. Mi za a dafa?" Mutane da yawa sun ɗauka rashin tausayi ne. Amma ba ka barin gidanta da yunwa, kuma abin da ka faɗa mata ba ka jin sa a wani wuri.

Yaya malamin firamare ne. Shi ya koya mata karatu bayan aure, da yamma in ya taso daga makaranta, tana tsinkar zogale yana nuna mata baƙaƙe da tsinke. Ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. In ya je Gusau ba ya dawowa ba tare da lemo ko tsire a takarda ba, nata daban. Da rani shi yake ɗebo mata ruwa a keke, maza suna yi masa dariya. Na faɗi wannan don a san ba mugu ba ne. Da mugu ne da abin ya fi mani sauƙi.

Da shekaru suka ja ba ciki, gida ya tashi neman magani. Babbar yayarmu ce kan gaba. Ta kawo saiwoyi daga wajen wata tsohuwa a Kekun Waje, ta kawo jiƙo mai ɗacin da ko akuya ba ta kusantarsa. Inna ta shanye. Aka sa ta azumin kwana bakwai, ta yi. Duk mai wa'azin da ya zo taron farkawa sai an tura ta gaba, a ɗora mata hannu a ciki gaban jama'a, a tsauta wa ruhun rashin haihuwa. Wani ya ce ta bincika zuciyarta ko akwai zunubin da ba ta furta ba. Ta durƙusa ta ce a yi mata addu'a. Yaya yana benci na gaba, kansa a sunkuye.

A ikilisiyarmu, bayan Kirsimeti ba ranar da mata ke ɗoki kamar Ranar Iyaye Mata. Mu muke jan sujada, mu muke waƙa, mu muke karɓar baiko, wato sadakar da ake tarawa. A tsakiyar sujada fasto yakan ce duk uwar da ke nan ta miƙe, yara su zagaya suna ba mu furen roba da sabulu, maza su tafa. Ba zan yi ƙarya ba, ina son ranar. Na haifi shida, na binne ɗaya, na kusa mutuwa a haihuwar na biyar. In na miƙe a ranar nan nakan ji an ga wahalata. Ita kanta Inna ba ta taɓa ƙin ranar ba. Takan ce, "A girmama su mana. Haihuwa ba wasa ba ce."

Ita ce mai kiɗan tulu a zumuntarmu, kuma ba wadda ta kai ta hannu. Amma kowace shekara, da an gama waƙa ta biyu, sai ta ajiye tulun ta fita bayan majami'a wajen tukwanen shinkafa, wai kada ta kama. Shinkafar ba ta taɓa kamawa ba, akwai 'yan mata huɗu a kanta. Na daɗe ban gane tana lissafin lokaci ba ne, don kada a ce uwaye su miƙe tana ciki.

Wata shekara ba ta yi saurin fita ba. Sabon fasto ne, ya sauya tsarin sujada bai faɗa ba. Muka miƙe duka, har 'yar shekara goma sha tara mai jariri a kafaɗa. Inna ta rage a zaune ita kaɗai a layin gaba, tulu a cinya, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali. Wata yarinya mai rabon fure ta tsaya gabanta ta rasa yadda za ta yi, sannan ta tsallake ta. A wa'azin ranar faston ya nuna Yaya ya ce, "Maza, ku dubi dattijonmu. Wani da tuni ya bar bangaskiya ya ƙaro mata. Shi ya riƙe alkawarin da ya yi gaban Allah." Aka tafa masa. Ni ma na tafa.

Sau ɗaya muka yi mummunan faɗa da ita, kuma ni ce da laifi. 'Yata ta fari tana da shekara bakwai, Inna ta same ta ta leƙa rijiya har ƙafafunta sun bar ƙasa. Ta fizgo ta, ta zabga mata mari biyu. Yarinyar ta zo mani da shatin yatsu a kumatu. Ban tambayi dalili ba. Na fita tsakar gida gaban matan unguwa na ce, "In kin haifi naki ki doka. Ba ki san zafinsu ba, shi ya sa hannunki ba ya nauyi." Matar da ta goye ni na faɗa wa haka. Ta dube ni har na fara jin kunya, sannan ta ce, "Gaskiyarki, Auta." Ta koma kan turminta.

Wata huɗu ba ta taka gidana ba. Ran da ta zo, da ƙullin daddawa ta zo, ta ajiye ta ce miyata ba ta da ɗanɗano tun ina yarinya. Ba ta tada maganar ba, ni ma na ji daɗin da ba ta tada ba. Ban nemi gafara ba sai bayan shekara ashirin da wani abu. Tun daga ranar ba ta ƙara tsawata wa ɗana ko 'yata ba. In sun yi laifi sai ta ce, "Ku je uwarku ta gani."

Wannan 'yar tawa ita ce ta girma ta auri wani malamin makaranta, aka tura su aiki Bungudu. Shekara ɗaya, biyu, har shida ba ciki. Sai ga ni ina yin duk abin da na ga an yi. Na kai mata saiwoyi. Na ja ta taron addu'a a Gusau aka ɗora mata hannu. Uwar mijinta ta fara aiko da magana. 'Yata ta daina zuwa sujada a Ranar Iyaye Mata, takan ce kanta ke ciwo.

Wata Asabar na biya ta Tsafe da jarkar jiƙo zan kai Bungudu. Na tarar da Inna ita kaɗai tana ɓarar gyaɗa a inuwar darbejiya, Yaya ya tafi taron dattawa. Ta buɗe jarkar ta sansana, ta rufe.

"Na san wanga," ta ce. "Yana sa amai da jiri. Ba ya komai bayan haka."

Na ce ai sai an gwada.

"An duba mijin?"

"Wane irin duba? Lafiyarsa lau, ga shi ƙato."

"Auta, ku kai shi asibiti a duba shi kafin ku kashe ɗiyar nan da ɗaci."

Na ce mata a danginsu ba a taɓa jin namiji ya kasa ba, kuma wa zai iya tunkarar suruki da irin wannan magana. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗa. Can ta ce, "A danginku ma ba a taɓa ji ba."

Ban gane ba da farko. Da na gane, sai na zauna a ƙasa.

Ta ba ni labarin ba tare da ta ɗago kai ba. A shekara ta bakwai da aurensu, su biyu suka tafi wani asibitin mishan mai nisa, suka ce wa gida za su gaida abokin Yaya. Aka duba ta, aka duba shi. Likita ya kira su tare ya ce ita ba abin da ya same ta. Ya tambayi Yaya ko ya taɓa yin hangum bayan ya balaga. Ya yi, a kwalejin horon malamai. Na sha jin labarin lokacin da aka dawo da shi gida wuya a kumbure yana tafiya da ƙyar. Likitan ya ce ciwon ya sauka ƙasa ya yi ɓarna, kuma ba magani.

"A motar dawowa ya yi ta kuka kamar yaro," in ji ta. "Ya ce in Babanku ya ji zai mutu. Ya ce in ba shi lokaci, shi zai faɗa da bakinsa. Na ce to."

Babanmu ya rasu, Yaya bai faɗa ba. Ya ce a bari a gama zaman makoki. Sai aka zaɓe shi dattijon ikilisiya, ya ce yanzu ba lokacinsa ba ne. Daga nan ya daina cewa zai faɗa, ita ma ta daina tambaya.

Na ce, "Jiƙon nan duka da kika sha, kin sani?"

"In na ƙi sha sai a tambayi dalili."

"Mi ya hana ki tafiya? 'Yan'uwanki sun zo ɗaukarki har sau biyu, ina gani."

"Na yi alkawari gaban Allah da jama'a. Kuma ina son shi, Auta. Wannan ne ba ki so ji ba." Ta watsa ɓawon gyaɗa gefe. "Amma kada ki ɗauka ban ji ba. Akwai shekarun da in na ga mace da ciki sai in canza hanya. Akwai ran da na tsaya bakin rijiyar nan na daɗe. Abin da ya fi ci mani rai ba rashin ɗan ba ne. Da an ce mu biyu ne ba mu samu ba, da na ɗauka. Ni kaɗai aka bar wa."

A ranar na nemi gafarar maganar da na faɗa mata a tsakar gida. Ta ce ta daɗe da yafewa amma ba ta manta ba, kuma ba za ta yi mani ƙaryar ta manta ba. Sannan ta kama hannuna ta ce, "Don ɗiyarki na faɗa maki. Kada ki tona shi. Ya tsufa." Na yi alkawari. Ta tuntsurar da jarkar a gindin darbejiya.

Surukina ya shekara guda yana ƙi. Daga baya ya je. Abin da likita ya ce tsakaninsu ne, amma shi da ƙafarsa ya tafi wurin mahaifiyarsa ya ce ta daina aiko wa matarsa magana, matsalar ba daga ita kaɗai ba ce. Har yau ba su samu haihuwa ba. 'Yata tana kuka wani lokaci, amma ta yi ƙiba, tana dariya, kuma ba ta shan jiƙon kowa. Da na kai wa Inna labari sai ta ce, "Ashe ana iyawa."

Bayan haka na yi Ranar Iyaye Mata huɗu tare da ita. Nakan bi ta bayan majami'a wajen tukwane. Ta ce in koma ciki in karɓi furena, kada in mai da kaina abin kallo. Na ƙi. Muka riƙa tsayawa mu biyu muna juya shinkafar da ba ta bukatar juyi, muna jin tafi ta taga.

Hawan jini ne ya kayar da ita a wajen suya, ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Muka kai ta asibiti a Gusau. Ma'aikaciyar jinya tana cika takarda ta tambaya, "Ina 'ya'yanta? Su ya kamata su zauna da ita." Yaya yana tsaye a gefen gado riƙe da hannun Inna mai rai, yana shafa shi. Ya ce, "Allah bai ba ta ba."

Bai ce bai ba mu ba. Idon Inna a buɗe yake, kuma likita ya riga ya gaya mana tana ji. Na dube ta, ta dube ni. Ba ta iya magana, kuma ban san abin da za ta ce ba da tana iyawa. Kwana tara bayan haka ta cika, da rana tsaka, ina shafa mata mai a ƙafa.

Sati uku da jana'iza muka taru a gidan don raba kayanta. Zannuwan anko sun fi ashirin, na kowace shekara, a ninke cikin akwati. Muna cikin haka babbar yayarmu ta gyara zama ta ce tana da magana. Ta ce Yaya ba zai zauna shi kaɗai ba, kuma yanzu Allah ya kwance shi. Akwai wata gwauruwa a Gusau, mijinta ya rasu bara, shekarunta ba su wuce talatin da biyar ba, ta haifi biyu, an san tana haihuwa. "Namiji ba ya tsufa," in ji ta. "Ko yanzu Allah zai iya ba gidan ubanmu magaji." Sauran suka ce shawara ce mai kyau. Yaya yana kan kujerarsa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya sunkuyar da kai, irin yadda ya saba.

Na jira suka fita rakiyar baƙi. Na ja kujera na zauna gabansa, abin da ban taɓa yi ba.

"Yaya, ka ce masu su bar ɗiyar mutane."

"Ai ban amsa ba."

"Ba ka ƙi ba."

Ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya ce a hankali, "Ta gaya maki."

"Ta gaya mani."

Ya ce kullum yana niyya. Ya ce ba ran da bai roƙi Allah gafara ba. Ya ce ya so ta fiye da yadda zan iya ganewa, kuma na yarda da shi, har yanzu na yarda. Na ce to ranar Lahadi za a yi sujadar godiya domin rayuwarta, za a ba shi dama ya yi magana. Kalma kaɗan ce. So nake ya miƙe ya ce matsalar ba daga ita ba ce.

"Auta, shekarata saba'in da huɗu. Ki bar ni in mutu da mutuncina."

Na ce, "Ita da wane ta mutu?"

Ranar Lahadi ya miƙe da farar rigarsa, ya gode wa zumuntar mata, ya gode wa waɗanda suka zo daga nesa, ya ce matarsa mace ce mai haƙuri. Ya tsaya. Na ga leɓensa yana motsi. Sai ya ce, "Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa," ya zauna. Jama'a suka ce amin.

Washegari na shiga mota zuwa Gusau, na nemi gidan gwauruwar nan, na gabatar da kaina. Ta shimfiɗa mani tabarma, ta kawo ruwa. Yaranta biyu suna wasa a ƙofar ɗaki. Na ce mata, "Ɗiyata, zauna. Kafin ki ba dangina amsa, akwai wata mata da ya kamata ki san labarinta."